Buta take nema: buɗaɗɗiyar wasiƙa ga dattawanmu da ma'aikatan lafiyarmu na Makka da Jidda

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Iyayena dattawan Shara Mansur da Misfala da Tandubawi, da iyayena na Jidda waɗanda muka zauna tare a Karantina da Sabil kafin rusau ɗin 2022 ya watsa mu, malamanmu limaman unguwa, da ku yayye da ƙanne da Allah ya ba aikin asibiti, likitoci da masu jinya da abokan sana'ata na saidaliyya, wato kantin magani, ina gaishe ku da girmamawa. Ina kuma neman afuwa tun ban fara ba, domin maganar da zan ɗauko ba a cika son ta a fili ba a gidajenmu. Gyara kayanka dai ba ya zama sauke mu raba.

Da baki, mu Hausawa ba ma kai tsohonmu gidan gajiyayyu. Amma duk wanda ya taɓa zaga gidajen kula da tsofaffi da ɗakunan doguwar jinya na garuruwan nan ya san akwai namu a ciki. Akwai tsohuwar da ba ta bar ɗa a raye ba, akwai wanda 'ya'yansa suka koma gida Najeriya ko Nijar, akwai wadda a da maƙwabta ke riƙe da ita, yau maƙwabtan kowa ya kama gabansa. Saboda muna jin kunyar a ce namu yana can, sai mu rage zuwa. Wanda ba a zuwa duba shi kuwa, ba mai tambayar abin da ake zuba masa a baki safe da dare.

Goggona, ƙanwar mahaifina, ta shigo ƙasar nan tana yarinya. Iyayenta sun biyo hanyar ƙasa, ta Chadi da Junaina da Ubayyid, suka tsaya tsinkar auduga a Jazira ta Sudan har kuɗin jirgin ruwa ya taru, sannan suka ƙetaro ta Sawakin. Ta yi kusan shekara 70 a Makka tana sayar da kunun gyaɗa da funkaso. Larabcin Hijaz a bakinta kamar ruwa, in tana ciniki ba ka ce ba a nan aka yanke mata cibiya ba. Mantuwa ta fara taɓa ta, sannan ta faɗi ta karya ƙugu. Bayan aiki ba ta iya hawa bene ba, mu kuma kowa da ɗan ɗakinsa da ɗawainiyarsa, sai aka samar mata gado a wani gidan kula da tsofaffi. Ba zan faɗi sunansa ba. Ba ƙara na kawo ba, kuma masu jinyar da na tarar a can ba mugaye ba ne, mata biyu ne a kan tsofaffi sama da 20 idan dare ya yi.

Abin da ba mu lura da shi ba, ciwon mantuwar nan da ake ce wa zahaimar yakan fara zubar da harshen da mutum ya koya daga baya, ya bar masa na nono. Larabcin Goggo ya yi ta kakkaɓewa har ya ƙare, Hausar yarintarta ta rage. Masu kula da ita kuwa ɗaya 'yar Filifin ce, ɗaya 'yar Indiya, ɗaya Bamisiriya. Kullum da la'asar ta yi sanyi sai Goggo ta fara kira, tana jijjiga ƙarfen gado, tana neman sauka, in an riƙe ta ta ture hannu. Aka rubuta a takarda cewa tana da hayajan, wato tayar da hankali. Aka fara mata risfaridon, wanda kuka fi sani da Risperdal. Dare ya ƙi daɗi, aka ƙara lorazefam. A ƙasan takardar kuma akwai allurar halofaridol da aka rubuta wa «inda luzum», wato a yi in an ga buƙata. Wa ke ganin buƙatar? Mai jinyar da ta gaji, ƙarfe biyun dare.

Wata 14 ana sabunta takardar nan yadda take, ba a taɓa ko wasali ba.

Ni da nake rubuta muku, shekarata 22 a bayan kantar saidaliyya, kuma wata 14 ɗin nan ina zuwa, in gaishe ta, in ajiye dabino da turare, in tafi. Ana ce mini, «Masha Allah, Hajiya ta natsu.» Ni ma ina cewa alhamdu lillahi. Na ga kanta ya sunkuya, yawu na zuba, hannu na rawa, ruwa ma in ta kurɓa sai ta ƙware, na ce tsufa ne. Da baƙo ne ya miƙo mini wannan takarda a wurin aiki, da tun ranar farko na ɗaga waya na kira likita. Da yake tawa ce, ban ko nemi ganin takardar ba.

Ranar da Allah ya farkar da ni, cunkoson hanya ne ya makarar da ni, na isa daf da magariba maimakon hantsi. Na tarar maganin safe ya fara sakinta, tana ta faɗin kalma ɗaya da muryar da da ƙyar take fita. Mai jinya ta ce mini kullum haka take yi, ba su san ma'anarsa ba. Na kara kunnena. Cewa take, «Buta. A ba ni buta.» Alwala take so. Matar da ta manta sunana ba ta manta cewa in rana ta yi ja ana neman ruwa ba. Malamai za su ce an ɗauke mata alƙalami, gaskiya ne, amma ba a ɗauke mata sabo ba. Na ɗebo ruwa a kofi, na wanke mata hannu da fuska, na juya gadon ya kalli alƙibla. Ta yi shiru, leɓenta na motsi.

Kada a ɗauka ina cewa duk tsohon da ke ihu buta yake nema. Abin da nake cewa, ihun magana ce, kuma akwai mai amsa ta da ƙwaya tun bai ji ta ba. Wani ciwon haƙori ne, wani gwiwa, wani kwana biyar bai zaga ba, wani fitsari ne ya taru ya ƙi fita, wani ƙishirwa, wani sanyin mafitsara ne ya ruɗa shi cikin kwana biyu. Tsohon da jiya yana lafiya yau ya rikice farat ɗaya, jikinsa ake fara bincika. A ƙasar Nowe an yi gwaji a kan tsofaffi 352 masu mantuwa a gidajen kulawa, aka buga sakamakon a 2011. Ba wani sabon maganin ƙwaƙwalwa aka ba su ba, maganin ciwo aka ba su daki-daki, yawancinsu farasitamol kawai, Panadol ɗin nan da ke cikin jakar kowace Hajiya. Tayar da hankalinsu ya ragu da kusan kashi 17 cikin ɗari, da aka janye maganin kuma ya fara dawowa. Ita Goggo, da aka duba, har da taurin ciki da wani turmin haƙori da ya ruɓe.

Iyayena dattawa, ku ba ni dama in ɗan yi maganar sana'a, don ku san ba tausayi kaɗai ke magana ba. Magungunan nan irin su risfaridon da kuwetiyafin, wato Seroquel, da olanzafin da halofaridol, asali an yi su ne don masu taɓin hankali na gaske. A watan Afrilun 2005 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta tattara gwaje-gwaje 17, ta ga cewa tsofaffi masu mantuwa da aka ba irin waɗannan magunguna sun fi mutuwa: kusan 4.5 cikin ɗari a cikin mako 10, su kuwa waɗanda aka ba ƙwayar da ba komai a cikinta kusan 2.6. Yawanci zuciya ce ko ciwon huhu, kuma ku tuna da ƙwarewar da na ce Goggo na yi in ta sha ruwa, ta nan abinci ke bi ya sauka a huhu. Aka sa gargaɗi cikin baƙin akwati a takardar maganin, a 2008 aka haɗa har da tsofaffin magunguna irin halofaridol. A Ingila, rahoton da Farfesa Sube Banerjee ya miƙa wa gwamnati a 2009 ya ƙiyasta masu mantuwa 180,000 ne ke shan su, waɗanda ke amfana ba su wuce 36,000 ba, kuma ana samun ƙarin mutuwa kusan 1,800 duk shekara ta dalilinsu. A can ɗin, izinin da aka ba risfaridon a kan mai zahaimar na mako 6 ne, shi ma sai in faɗan ya kai ga cutar da kai ko da wani, kuma an gwada wasu dabaru sun gaza. Mako 6. Goggo ta yi wata 14.

Ƙwayoyin barci kuma nasu laifin daban. Jikin tsoho ba ya fitar da magani yadda na yaro ke yi. Diyazefam, wato Valium, ɗan shekara 20 kan fitar da rabinsa cikin kusan awa 20, ɗan shekara 80 kuwa sai ya kwana uku ko fiye bai fitar da rabin ba. Na jiya bai fita ba an ɗora na yau. Tsoho ya miƙe zai zaga da asuba, jiri ya kwashe shi, ƙugu ya karye, daga nan sai gado. Ga zafin Makka da kuka sani, wasu magungunan nan kuwa suna rage wa jiki iya sanyaya kansa, suna kuma sauke jini in an miƙe tsaye. A nan ma sai in juyo gida, don ba a gidajen kulawa kaɗai ake yi ba. Sau nawa ɗan unguwa ya zo mini yana neman maganin mura mai sa barci, in na matsa da tambaya ya ce ai Baba ne ba ya bari a runtsa? Irin wannan maganin yana ƙara wa tsoho ruɗewa, ya riƙe masa fitsari, ya busar masa da ciki. Ina ganin gajiyar mai jinyar gida, wallahi ina gani. Amma ba nan mafita take ba.

To sai ragewa. A nan nake son a saurare ni da kyau, domin na san halinmu: wani zai karanta rabin wasiƙar nan ya je ya zubar da ƙwayoyin tsohonsa a shara. Kada a yi. Na san gidan da suka yanke wa mahaifinsu ƙwayar barcin da ya shekara yana sha, rana ɗaya, saboda wani ya ce musu haramun ce, kwana kaɗan ya kama jijjiga aka kwashe shi sai asibiti. Jikin da ya saba da irin su Valium da lorazefam ba a fizge masa. Kuma wanda tun ƙuruciya yake da taɓin hankali ko ciwon ƙwaƙwalwar nan mai hawa da sauka, yau zumuɗi gobe baƙin ciki, maganinsa ginshiƙi ne, maganata ba ta shafe shi ba. Ko a masu mantuwa ma akwai waɗanda in an janye maganin, ciwon ke dawowa. Wani gwaji a Amurka da aka buga a 2012 ya nuna haka a kan waɗanda risfaridon ya yi wa amfani tun farko: cikin waɗanda aka janye wa, kashi 60 cikin ɗari abin ya dawo musu a wata huɗu, cikin waɗanda suka ci gaba kashi 33. Saboda haka ba a rantsuwa a kan kowa. Gwadawa ake yi, da ido a buɗe.

Yadda aka yi wa Goggo, likitan gidan, Allah ya saka masa, bai ɗauki tambayata da zafi ba. Ya fara soke allurar «inda luzum». Sannan magani ɗaya aka taɓa, ba biyu ba, don in wani abu ya canza a san mai laifi. Aka rage rubu'in risfaridon, aka jira mako biyu ana rubuta barcinta da cinta da ihunta a takarda, aka sake ragewa. A mataki na uku ta yi kwana huɗu ba barci, tana ganin mutane a bango. Aka koma matakin baya, aka zauna a nan wata guda, sannan aka sake gwadawa, ya yiwu. Lorazefam ya fi cin lokaci, ɗan mitsitsi ake gutsurewa, ya ɗauke mu wata biyar. Sannu ba ta hana zuwa. Duk tsawon lokacin nan ni da 'yar yayata muna karɓa-karɓa daga la'asar zuwa isha, domin ragewa ba tare da an cike gurbin da mutum ba wahala ce kawai. An ga haka a gidajen kulawa na Ingila: inda aka rage magani kaɗai, halin tsofaffin ya ƙara dagulewa, inda aka haɗa da zama da hira kuwa abin ya yi kyau.

Ba warkewa ta yi ba. Har yau wani lokaci da sunan mahaifiyata take kirana. Amma kanta ya ɗago, tana cin tuwo da hannunta, ranar nan har ta yi mini faɗa wai kunun da na kawo ya tsinke.

Yayye da ƙannena ma'aikatan lafiya, ku ne kuka san ƙofofin. A Amurka, tun dokar gyaran gidajen kulawa ta 1987 ake ɗaure wannan al'amari da ƙa'ida. Wanda aka ɗora a kan irin maganin nan, wajibi ne a gwada rage masa sau biyu a shekarar farko, sannan sau ɗaya duk shekara, sai in likita ya rubuta dalilin da ya hana. Takardar «in an ga buƙata» kuwa kwana 14 take yi ta mutu. Da suka tashi haiƙan a 2012, masu shan magungunan taɓin hankali a gidajen kulawarsu suka sauko daga kashi 23.9 cikin ɗari zuwa kusan 14 a 2019. Ba na ce mu kwafo komai nasu ba, don su ma an kama wasu gidaje suna laƙa wa tsofaffi ciwon da ba su da shi domin alƙaluma su yi kyau, har hukuma ta fara bin diddigi a 2023. Abin ɗauka a ciki ƙarami ne kuma ba ya jiran doka: duk wanda ya rubuta irin wannan magani ya rubuta dalilinsa da ranar da za a sake dubawa. Kai da ke saidaliyya, in takarda ta dawo maka karo na uku ba canji, ɗaga waya. Ke da ke jinya, kafin ki buɗe akwatin allura ki tambaya ko akwai mai jin yaren tsohon nan a cikin ginin, ko da mai shara ne ko direba. Sau da yawa akwai. Kuma in kun ga tsoho mai mantuwa da ke yawan ganin abin da babu, jikinsa na sandarewa kamar mai ciwon rawar jiki, ku tuna da nau'in mantuwar nan ta Lewi, wadda allurar halofaridol ɗaya kan iya kwantar da mai ita kwanciyar da ba a so.

Ku kuma iyayena, naku ya fi namu girma. Dokar haƙƙin tsofaffi da kula da su da ƙasar nan ta fitar a 2022 ta ɗora kula da tsoho a wuyan iyalinsa, ta kuma hana a ajiye shi a gidan kulawa ba da yardarsa ba, sai da hukuncin kotu ko in rayuwarsa na cikin haɗari. Dokar ɗan ƙasa mai shekara 60 ta ambata, na kuma san cikinmu akwai mai jinsiyya, wato ɗan ƙasa, akwai mai iƙama, wato takardar zama. Amma tambaya ba ta bukatar kati. Duk wanda ke da tsoho a irin gidajen nan yana iya cewa a nuna masa takardar magani, ya tambaya wannan na mene ne, tun yaushe ake ba shi, yaushe za a gwada ragewa. In bai gane amsar ba, ya ɗauki hoton takardar ya kawo wa ɗayanmu, ko ya kira 937 na ma'aikatar lafiya. Ba rashin kunya ba ne, likitan kirki ma daɗi yake ji in ya ga mara lafiyarsa na da mai bibiya.

Roƙona gare ku, yadda muke da asusun biki da na rasuwa, yadda in an yi mutuwa kafin azahar an haɗa kuɗin likkafani da abincin zaman makoki, a samar da jerin masu zuwa zama da tsofaffinmu da ke gidajen nan, har da waɗanda ba danginmu ba. Mata wajen mata, maza wajen maza, da izinin masu gidan, kuma a fi ba da ƙarfi tsakanin la'asar da isha, don lokacin ne mai mantuwa ya fi rikicewa, lokacin ne kuma hannu ya fi saurin kaiwa ga allura. Ba a neman mai ilimin likita. Ana neman wanda zai ce «Sannu Baba, ina gajiya?» ya ji amsar. 'Yan matanmu da samarinmu da Hausarsu ta fara tsamurewa ma riba biyu za su ci. Limamai kuma, in kun taɓo haƙƙin iyaye a wa'azi, ku ƙara da cewa zuwa gidan kulawa duba naka ba tonon asiri ba ne.

Akwai wani ɗan abu da muka yi wanda bai ci ko riyal ɗaya ba. Mun rubuta kalmomin Hausa 30 da harufan Larabci da na boko, kowace da ma'anarta, muka manna a bangon gadon Goggo: ruwa, ciwo, sanyi, zafi, fitsari, bayan gida, yunwa, salla, bari, sannu, da sauransu. 'Yar Filifin ɗin nan yanzu in ta shigo da safe cewa take «Sannu Goggo», Goggo kuma ta amsa mata da «Yauwa 'yar nan». A ɗakin da ke kusa akwai wata tsohuwa Bazabarma, an fara neman wanda zai rubuta mata nata. Takardar tana hannuna, na bar kwafi wajen limamai biyu a Shara Mansur, duk mai so ya aika yaro ya karɓo. Kalmar farko a jerin ita ce buta.

Wassalamu alaikum.

'Yarku kuma 'yar'uwarku,
wata mai aikin saidaliyya a Jidda